Daga sojan ruwa zuwa sojan ƙasa a Amurka: wa ya taɓa bin wannan hanyar?

Ɗan Ɗakin Inji:
Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya kai ni maƙura. Sojan ruwa ne ni a nan Amurka. Na shiga a farkon 2022 da kwantiragin shekara 5, yanzu saura wata 14 ya ƙare. Matakina E-4, wato mataki na huɗu a jerin ƙananan sojoji, a ɗakin injin jirgi nake aiki.

Fitarmu ta ƙarshe an ce mana wata 6 ce, muka yi wata 8 da 'yan kwanaki a kan teku. A cikinta matata ta haihu. A saƙon imel na ga labarin, bayan na sauko daga aiki wajen ƙarfe 2 na dare, hannuna duk baƙin mai, kuma a tsaye na karanta don akwai mutum uku a bayana suna jiran kwamfutar. Ƙanin mahaifina ne ya yi wa yarinyar huɗuba, shi ya yanka ragon suna. Sai da ta cika wata 5 na fara ɗaukarta, tana ganina ta fashe da kuka ta miƙa wa uwarta hannu.

Wanda bai taɓa zaman jirgin yaƙi ba, ba zai gane ba. Gado hawa uku, ba halin ka tashi zaune sai kanka ya bugi na sama. Salla sai ka tambayi inda jirgi ya dosa kafin ka kabbara, wani lokaci kafin ka sallame ya juya. Na gaji.

Abin da nake so shi ne in koma sojan ƙasa in yi aikin agajin jinya, wanda suke kira 68W. Tun ina gida shi nake sha'awa, injin ma don shi kaɗai ne gurbin da ke buɗe ranar da na sa hannu. Na je ofishin masu ɗaukar kurata na sojan ƙasa, wanda na samu ya ce ba komai, in kawo masa fom DD 368 da sa hannun manyana. Da na kai maganar wurin shugaban sashenmu sai ya dube ni ya ce in cire wannan daga raina. To wa zan ɗauka? Ana iya sauyawa kafin kwantiragi ya ƙare? Za a rage mini igiya? Zan sake horon kurata daga farko? Shekarun da na yi fa, sun bi ruwa ke nan a lissafin fansho? Don Allah wanda ya taka hanyar da ƙafarsa ya yi mini bayani.

Tsohon Saje:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya abin da aka samu, ya yi mata albarka.

Ɗana, dukansu biyun gaskiya suka faɗa maka, kowa ta ɓangarensa. Fara gyara kalmar "sauyawa" a kanka. Ƙaramin soja ba a ɗauke shi daga wannan runduna a ajiye a waccan kamar canjin bariki. Rundunar ruwa za ta sallame ka, sannan ta ƙasa ta ɗauke ka da sabon kwantiragi da sabon gwajin likita. Shi fom DD 368 roƙo ne kawai: rundunar da kake ciki ta yarda za ta sake ka in har waccan ta karɓe ka kafin ranar da aka rubuta a jikinsa. Alfarma ce, suna iya hanawa ba tare da sun ba ka dogon dalili ba. Kwamandan jirginku zai rubuta ra'ayinsa, amma hukuncin daga sama yake saukowa, daga masu kula da ma'aikatan rundunar a Millington ta jihar Tennessee. Abin da suke dubawa shi ne ko sana'arka tana da rarar mutane. Mutumin ɗakin inji kuwa da wuya a ce ya yi yawa.

Ni na bi hanyar a 2005. Lokacin ƙofa a buɗe take, saboda shirin da aka fara a 2004 mai suna Blue to Green, wato daga shuɗin kaki zuwa kore. Yaƙin Iraƙi ya yi zafi, sojan ƙasa na neman mutane ido rufe, na ruwa da na sama kuma suna rage nasu. Mako 4 kacal muka yi a Fort Knox ana koya mana bindiga da tafiyar daji, aka ce mun zama sojan ƙasa. An daɗe da rufe wannan gajeren kwas ɗin.

Abin da ya fitar da ni daga ruwa shi ne ainihin naka, ina so in riƙa kwana a gidana. A 2007 aka tsawaita zaman sojan ƙasa a Iraƙi daga wata 12 zuwa 15, ina cikin waɗanda abin ya faɗa wa. Azumi biyu na yi a can. Ban yi nadama ba, na cika shekara 20 na yi ritaya lafiya, amma abin da na guda a ruwa na tarar da babban wansa a tudu.

Kofur Mai Taya:
Baba Saje, Allah ya ƙara girma, amma wancan zamani daban, wannan daban. Kada mu kashe wa yaron nan gwiwa. Ni daga Marin na fito, 'yan kundumbala. Na gama shekara 4 ɗina cif, na shiga sojan ƙasa a matsayin makanikin motoci, 91B, kuma ban taɓa yanke shawarar da ta fi wannan ba. Ban sake horon kurata ba, domin sojan ƙasa suna karɓar horon Marin in mutum bai daɗe da cire kaki ba. Igiyata tana nan. Aikin da zan yi a rubuce yake a kwantiragi kafin in ɗaga hannu in yi rantsuwa. Rundunar ƙasa ita ce mafi girma, sana'o'i sun fi yawa, barikoki sun fi yawa. Da yamma in na rufe gareji gida nake tafiya in ci tuwo da iyalina.

Tsohon Saje:
Ka faɗi abu biyu da bakinka: ka gama kwantiraginka, kuma daga Marin ka fito. Shi ko ɗaya ba shi da. Wanda ya fito daga ruwa ko sama ko masu gadin gaɓar teku, in bai taɓa yin horon ƙasa ko na Marin ba, horon kurata ake tura shi. Ya shirya wa mako 10, a aske masa kai, ya kwana ɗaki ɗaya da yara 'yan shekara 18 da suka gama sakandare jiya.

Kofur Mai Taya:
Wannan gaskiya ne Baba. Kuma in da Marin yake so ya shiga ma abin ya fi haka, su ba ruwansu da inda ka fito. Ko shekara nawa ka yi a wata runduna sai ka yi mako 13 ɗinsu a Parris Island ko San Diego. Amma mako 10 ai ba wani abu ba ne ga wanda ya yi wata 8 a ƙasan jirgi.

Anti Mai Allura:
Ƙanena, barka da arziki, a gaishe mini da mai jego. Shekarata 13 ina aikin jinya a sojan ruwa, bari in yi maka lissafin da mai ɗaukar kurata ba zai yi maka ba.

Mako 10 na horon kurata. Bayansa mako 16 na kwas ɗin 68W a Fort Sam Houston da ke San Antonio. Mako 26 ke nan, rabin shekara. Kuma kwas ɗin da bai kai mako 20 ba gwamnati ba ta ɗauko maka iyali ta kai su can. Wato ka bar ruwa don kada ka yi nisa da 'yarka, abu na farko da za ka yi a tudu shi ne ka yi nisa da ita wata 6. Bayan nan in ka faɗa wa birged ɗin da ke cikin layin fita, ana zuwa Polan ko Koriya ta Kudu ko Kuwaiti a yi wata 9. Kafin fitar akwai wata guda na atisaye a hamadar Fort Irwin ta Kalifoniya ko dajin Louisiana, inda ake karɓe wayoyi. Mai jinya kuma duk inda 'yan bindiga suka sa ƙafa yana bayansu da jakarsa.

Ga abin da ya fi damuna. Tsarin sojan ruwa karɓa-karɓa ne, a yi zangon teku sannan a yi zangon tudu, wanda yawanci shekara 3 ne. Kai zangon tekunka na farko ya kusa ƙarewa. Ka sha zafin rana ka yi noma, ga amfanin gona ya nuna, yanzu ne za ka bar gonar? In ka sabunta kwantiragi abin da ke gabanka aikin tudu ne, ka tafi da safe ka dawo da yamma, in ban da ranar da kake da gadi.

In kuwa jinyar ce da gaske ke ranka, to ai muna da ita a gida. Ana iya neman canjin sana'a a cikin rundunar ruwa, daga inji zuwa HM, wato sana'ar jinya ta sojan ruwa. Makarantarmu ma a wannan Fort Sam Houston ɗin take, bariki ɗaya da 'yan 68W. Kuma in daji kake so, Marin ba su da masu jinya na kansu, mu ne muke bin su. Ba za a aske maka kai ba, ba za ka fara daga tushe ba. Ba na ce dole a ba ka ba, shi ma sai sana'arka ta yarda ta sake ka kuma akwai gurbi a tamu. Amma ka ƙwanƙwasa wannan ƙofar tukuna.

Tambaya ɗaya: ka ci hutun haihuwarka? Tun ƙarshen 2022 uba ma yana da mako 12.

Ɗan Ɗakin Inji:
Na gode Anti. Mako 4 na samu na ci, aka ce sauran in jira a gama gyaran jirgi. Maganar HM kuwa wallahi ban taɓa kawo ta a raina ba, na ɗauka wanda ya shiga inji ya shiga ke nan har abada. Amma in faɗa miki gaskiya, ba tekun kaɗai ba ne. Shugaban sashen nan namu tun da ya zo ban ƙara samun kwanciyar hankali ba. Ranar Juma'a da muke tashar ruwa na nemi minti 40 in je masallaci, ya ce in bari sai an tashi. Kullum ni ne a aikin da kowa ke gudu.

Tsohon Saje:
Yauwa, yanzu ka zo wurin. Shekara nawa ya rage masa a jirgin? Shugaba a soja baƙo ne, shekara 2 ko 3 an ɗauke shi. Kwantiragin da za ka sa wa hannu don ka guje masa zai fi shi daɗewa a rayuwarka. Kuma irinsa suna nan a kowace runduna, kakin ne kawai ya bambanta. Maganar Juma'a ka kai ta wurin limamin soja na jirginku ko na barikin, ko da fasto ne. Aikinsa ne ya tsaya wa kowane soja a kan ibadarsa, kuma yana shiga ofishin kwamanda kai tsaye. Ni fasto ne ya samo mana ɗakin salla a Iraƙi, ya sa aka riƙa ajiye mana abincin sahur.

Sabon Shiga:
Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. Wani abokina ya ce in mutum ya faɗi gwajin motsa jiki da gangan, ko ya riƙa makara yana jawo rigima, da kansu za su sallame shi. Daga nan sai ya wuce ofishin sojan ƙasa. Wata 14 ai da yawa.

Anti Mai Allura:
A'a ƙanena, kada ka ƙara faɗa wa kowa wannan maganar. Duk wanda aka sallama ana ba shi takarda mai suna DD 214. Can ƙasanta akwai lambar da ke nuna ko za a iya sake ɗaukarsa. RE-1 ƙofa a buɗe. RE-3 sai an nemo masa sassauci, wanda ana iya bayarwa ana iya hanawa. RE-4 an rufe. Mai ɗaukar kurata kafin ya tambaye ka sunanka wannan lambar zai duba. Wanda aka kora don rigima wace lamba kake zato zai samu?

Tsohon Saje:
Ƙara masa da wannan, don ta shafi yawancinmu a zauren nan. Wanda ya sami takardar zama ɗan ƙasa ta hanyar aikin soja, in aka sallame shi da mummunar sallama kafin ya cika shekara 5 yana aiki da mutunci, doka ta ba da dama a ƙwace takardar. Da yawanmu da koren kati muka shigo, kakin nan ne ya ba mu fasfo. Sannan tallafin karatu na GI Bill sai da sallamar girmamawa ake samunsa. Wannan shawara sakin reshe ce a kama ganye.

Sabon Shiga:
Allah ya ba da haƙuri, ban san abin ya kai haka ba. Na janye.

Uwar Gida a Texas:
Sallama gare ku. Ni ba soja ba ce, matar soja ce, kuma mijina ya yi irin wannan sauyin, daga ruwa zuwa ƙasa, bayan ya gama kwantiraginsa. Kowa a nan yana maganar igiya da horo, ba wanda ya yi maganar tukunya.

Mai ɗaukar kuratan da muka samu ya ce masa mako 3 zuwa 4 an gama komai. Da wannan muka yi lissafi. Ranar da ya cire kaki albashi ya tsaya, kuɗin haya ya tsaya, katin asibitinmu na TRICARE ma ya daina aiki. Da ya je gwajin likita a MEPS, cibiyar da ake tantance masu shiga soja, sai suka ga ya taɓa zuwa asibiti da ciwon gwiwa shekara biyu baya. Tun 2022 kwamfutarsu tana zaƙulo duk tarihin asibitin mutum, ba abin da ke ɓoyuwa. Aka ce sai an nemi sassauci, sai ya kawo hoton gwiwa da takardar likitan ƙashi. Wata 5 muka yi muna jira. Yana tuƙin haya dare da rana. A cikin wannan watannin ɗanmu mai asma ya tashi da dare numfashi na sarƙewa, na tsaya a kantin magani da takardar likita a hannu ina ƙirga abin da ke cikin jakata. Sarƙar aurena na sayar muka biya haya wata biyu.

Daga ƙarshe an ɗauke shi, yanzu alhamdu lillahi muna cikin rufin asiri, ya zama saje. Amma ɗan uwa, ka zauna da matarka ku yi wannan maganar tun yanzu, ita ce za ta riƙe gidan. Ku tara kuɗin wata 6 a gefe. Ka fara takardun tun kana cikin kaki, don ranar fita da ranar shiga su kusanci juna. Abu ɗaya kuma: in ka fita ka nemi diyyar rauni daga hukumar tsofaffin sojoji, ciwon da ka lissafa musu shi likitan MEPS zai karanta, kuma ba a haɗa kuɗin diyyar da albashin cikakken soja a lokaci guda.

Ɗan Ɗakin Inji:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa yaron lafiya. Wannan ya taɓa ni. Ni ma kunnena na hagu ya ɗan rage ji saboda ƙarar inji, yana cikin fayil ɗina.

Anti Mai Allura:
To ka je a sake auna maka shi yanzu, ka karɓi kwafin sakamakon. Gwajin ji yana cikin abin da MEPS ke yi, kuma da ma'aunin sabon shiga za su auna ka, wanda ya fi na mai ci gaba da aiki tsauri. Mutum yana iya zama lafiyayye a idon rundunar da yake ciki, a ce bai cancanta ba a ƙofar wata.

Ɗan Sama:
Bari in amsa tambayoyin kuɗi tunda ba wanda ya taɓa su sosai, a ofishin albashi na sojan sama nake.

Shekarunka ba su bi ruwa ba. Jadawalin albashi ɗaya ne ga dukkan rundunoni, matakinka da yawan shekarunka ake dubawa. E-4 mai shekara 5 a ruwa da E-4 mai shekara 5 a ƙasa tushen albashinsu ɗaya. Shekarun kuma suna shiga lissafin 20 na fansho. Tunda bayan 1 ga Janairun 2018 ka shiga, kana cikin sabon tsari: kashi 2 cikin 100 na kowace shekara, da asusun ajiya na TSP da gwamnati ke zuba maka har kashi 5 in kai ma kana zuba 5. Asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka je. Abin da za ka rasa shi ne alawus ɗin teku. Kuɗin haya kuma zai koma na garin da aka kai ka, yana iya raguwa sosai. In ka karɓi bonas lokacin shiga kuma aka sake ka kafin wa'adi, za a bi ka bashin ragowar da ba ka yi wa aiki ba.

Igiya: E-4 yawanci yana riƙe abinsa. Daga E-5 zuwa sama ne ake zama a duba ko akwai gurbi a wannan matakin, wani lokaci a ce sai ka sauko. Don haka akwai waɗanda ƙarin girma ya zame musu cikas. A kula da sunaye kuma, suna ruɗa mutane: staf saje a wurinmu E-5 ne, a sojan ƙasa E-6 ne.

Wani abin da mutane ke mantawa, duk wanda ya shiga soja a nan shekara 8 ya ɗauka, ko da kwantiragin ya ce 4 ko 5. Ragowar kana jerin 'yan ko-ta-kwana da ake kira IRR. Saboda haka ko bayan ka gama, ana buƙatar DD 368 ɗin nan, sai dai a lokacin samunsa ba wuya.

Kada kuma kowa ya ce maka ka zo sojan sama don an ce mun fi jin daɗi. Guraben da muke ware wa tsofaffin sojan wasu rundunoni kaɗan ne ƙwarai.

Kofur Mai Taya:
A nan zan ɗan ja da maganata ta farko. Ko a sojan ƙasa, jerin sana'o'in da ake buɗe wa tsohon soja ya fi na sabon kurtu gajarta, kuma yana canzawa daga wata zuwa wata. Ni na yi sa'a ana neman makanikai. Ka ce wa mai ɗaukar kuratan ya juyo maka fuskar kwamfutarsa ka ga 68W da idonka a matakinka. Abin da ba a rubuta a kwantiragi ba, babu shi. Sannan ka duba makinka na ASVAB, jarrabawar shiga soja. 68W na buƙatar 101 a ɓangaren ST da 107 a GT.

Ɗan Ɗakin Inji:
Lokacin da na yi jarrabawar shekarata ɗaya da rabi a ƙasar nan, Turancina bai nuna ba. Lissafi ne ya ɗaga ni. Ina jin GT ɗina bai kai ba.

Anti Mai Allura:
Ana sakewa a cikin kaki, sunanta AFCT. Amma ka yi karatu sosai kafin ka shiga, don sabon makin ne ke zama naka ko ya fi na da ko bai kai ba. Makin zai yi maka amfani ta kowace hanya, HM ko 68W.

Mai Sauraro Daga Kaduna:
Gaisuwa ga 'yan uwa na ƙetare. Tsohon sojan saman Najeriya ne ni, ina bin muhawarar nan da sha'awa. Mu a nan kowa da ƙofarsa: kurtun ƙasa Defo ta Zariya, wadda take nan tun 1924, na ruwa Onne a jihar Ribas, mu na sama nan Kaduna. Abin da maganarku ta tuna mini shi ne rundunarmu ma da aron mutane ta fara. An kafa ta a 1964, Jamusawa ne suka fara riƙe ta, ɗan Najeriya na farko da ya shugabance ta a 1966, George Kurubo, hafsan sojan ƙasa ne.

Ɗan Sama:
Ranka ya daɗe, mu ma haka ne. Daga cikin sojan ƙasa aka yanke rundunar sama a 1947. Rundunar sararin samaniya da aka kafa a Disambar 2019 kuma daga cikinmu aka yanke ta, daga baya ta ɗebi mutane daga ƙasa da ruwa da Marin. Wannan ne ma lokacin da na ga ƙananan sojoji sun tsallaka da yawa ba tare da dogon jira ba, don ita rundunar ce ke neman su.

Tsohon Saje:
Haka aka yi da mu a 2005. Ba wayonmu ba ne ya buɗe ƙofar, buƙatarsu ce.

Ɗan Ɗakin Inji:
Salam. Ku yi haƙuri na yi shiru kwana 12, mun ɗan fita gwajin inji ne. Ga inda aka kwana.

Na zauna da matata kamar yadda Hajiya ta ce. Da na karanta mata lissafin mako 26 ɗin Anti, ta yi shiru, sannan ta ce ita ba ta ƙi in yi jinya ba, abin da ba ta so shi ne yarinyar ta fara tafiya ba na nan. Na je wurin mai ba da shawarar aiki na jirginmu. Ya buɗe mini kwamfuta na ga sana'ata tana cikin masu ƙarancin mutane a matakina, ya ce DD 368 yanzu ɓata takarda ne, amma neman komawa HM yana iya shiga tare da neman sabunta kwantiragi. GT ɗina 101 ne. Na sayi littafin shirin jarrabawa, ina yin awa ɗaya bayan asuba.

Na ga limamin soja ma. Juma'ar da ta wuce na yi salla a masallaci cikin kakina, karo na farko cikin wata 7. Ya kuma yi magana a kan ragowar hutun haihuwata, an sa mini shi a wata mai zuwa.

Shirina: in sake jarrabawa, in nemi HM. In an hana, zan ƙarasa wata 13 ɗina da hannu mai tsabta, in fara takardun sojan ƙasa tun ina ciki. Baba Saje, in ta kai ga haka, saura wata nawa ya kamata in koma wurin mai ɗaukar kuratan?

Tsohon Saje:
Madalla. Saura wata 8 ka leƙa ku san juna, saura 6 ku fara takardu. Kafin nan ka nemi cikakken kwafin fayil ɗinka na asibiti da na haƙori, da duk takardun auna aikinka na shekara-shekara, da shaidar kowane kwas da ka yi, ka ajiye su a gida wurin matarka, kada ka bar su a jirgi. In wanda ka samu a ofishin yana ja maka rai, tsohon soja aikinsa ya fi na sabon kurtu yawa a wurinsu, ka je wani ofishin, ba laifi ba ne.

Anti Mai Allura:
In makin ya fito ka turo mini ta akwatin sirri. Zan duba maka takardar neman HM ɗin kafin ka miƙa, kuma ka fara zuwa ɗakin shan magani na jirginku kana taya su aiki a lokacin hutunka, don mai jinyar ya rubuta maka takardar shaida.